Ƙullin Inna

Litinin, 12 ga Yuni 1978, bayan la'asar

Jiya aka dawo da Inna daga asibitin Kano. Yaya Abdulsalam ne ya kawo ta a motar haya har ƙofar gida, mutanen Toranke suka cika zaure. Da ƙafarta ta shigo. An aske mata gefen kai inda aka yi ɗinki, ban da wannan ba abin da ido zai gani. Ta san kowa. Ta ce na rame, ta ce wa ya bar turmi a rana, ta kwance igiyar akuya ta sake ɗaurewa don wai ɗaurina ba ya riƙo. Inna bahaguwa ce, ƙullinta a juye yake, duk gidan nan ba mai iya irinsa.

Sannan ta tambayi Baba.

Gwaggo Hajo, yayar Baba, ita ta gaya mata. Ni ina bayan rumbu, na toshe kunnuwana. Da yamma Gwaggo ta tsefe mata sauran kitson, ta cire mata awarwaro da 'yan kunne, ta ba ta tsohon zane. Ta ce takaba ta hau kanta tun ranar da mota ta kife da ita da Baba a hanyar kasuwar Ajingi.

Yau da asuba Inna ta tashe ni. Ta ce in kai wa Baba buta kada ya makara masallaci. Ta ce kuma wa ya kwance mata kai.

Ban san me zan rubuta bayan wannan ba. Ragowar littafina ne na aji bakwai, akwai shafuka da yawa.

Laraba, da hantsi

Yaya ya ce likita ya gaya masa tun a can. Abin da Inna ta sani kafin ranar yana nan. Abin da ya shigo bayan ranar tana riƙe shi muddin idonta biyu, in ta yi barci ya tafi. Wataƙila ta warke, wataƙila a'a. Ya ɗauka in ta ga gida za ta dawo daidai, shi ya sa bai faɗa ba.

Gwaggo ta ce dole a riƙa gaya mata kullum. Mai takaba ba ta sa kwalli, ba ta lalle, ba ta fita yawon unguwa, yaya za ta kiyaye abin da ba ta san tana ciki ba? Ta ce haƙƙin ƙanenta ne, ba za a ci shi tana raye ba.

Yau da Gwaggo ta faɗa mata, Inna ba ta yarda ba. Ta ce Hajo tun da aka kawo ni gidan nan ba ki taɓa ƙaunata ba, yanzu har da fatan tsiya. Sai ta juyo wajena.

"Baiwa ba ta ƙarya. Baiwa, ina babanki?"

Ni da ko a makaranta in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Na ce, Inna, mota ta faɗi da ku ranar kasuwa. Na ce, ke kin tashi. Ban ƙara komai ba. Ta dube ni, ta dubi hannunta babu awarwaro, ta zauna a ƙasa.

Gwaggo ta ce to shi ke nan, tunda kurmar gidan ake ji wa magana, daga yau aikina ne.

Alhamis, da safe

Na gaya mata.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yaya zai koma Kano gobe, hutun da suka ba shi ya ƙare. Ya same ni ina wanke-wanke ya ba ni wani abu kamar sabulun wanki a girma, mai maɓallai da ɗan gilashi rawaya-rawaya. Sunansa kalkuleta. Ya ce in riƙa wasa da shi kada lissafina ya ruɓe, wai kaina ya fi nasa, bakina ne dai aka manta ba a buɗe ba.

Ya danna bakwai, bakwai ta fito. Ya ajiye shi a kan turmi muka yi ta hira, muka dawo, tana nan. Sai ya tura makunnin gefe ya dawo da shi. Babu bakwai, sai sifiri. Na ce ina ta tafi. Ya ce ba inda ta tafi, wutar batir ce take riƙe da ita, da wutar ta yanke babu ita. Amma tarawa da ɗebewa ba ya mantawa, don su a jikinsa aka gina su tun daga masana'anta.

Ya ce a wurin aikinsu akwai uwarsa, kwamfuta, ta cika ɗaki guda, har sanyi ake kunna mata kamar matar gwamna. Ita ma haka take. Ana cikin aiki in aka ɗauke wuta, duk abin da ke kanta ya zube, sai a sake daga farko. Shi ya sa abin da ba a so ya ɓata sai a huda shi a jikin kati. Aikinsa ke nan, huda kati. In wuta ta dawo a zuba mata katin ta karanta.

Yana cikin bayani sai ya waiga. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, idonta a kumbure.

Asabar, da safe

Yaya ya tafi. Na gaya mata. Ta tambaya ko an yi masa wanka yadda ya kamata, wa ya sallace shi. Kullum sai ta tambayi wannan.

Lahadi, bayan azahar

Sau biyu yau. Ta kishingiɗa bayan ta ci abinci, barci ya ɗauke ta, ta farka tana cewa a ɗebi tuwon Malam a rufe.

Na kunna kalkuleta na bar shi a kunne a cikin kwallar Inna ta ƙasa. Duk sanda na gaya mata zan ƙara ɗaya. Ban san amfaninsa ba. Ina so dai wani abu a gidan nan ya riƙe tare da ni.

Talata, bayan la'asar

An yi ruwa mai yawa, kowa yana gona sai mu. 'Yan'uwan Baba sun ce za su yi mana gayya a shuka gyaɗa.

Na gano abu. In na hana ta barcin rana, sau ɗaya kawai zan faɗa. Yau na kawo mata gero ta sussuka, na kawo mata wake ta tsince, na ce ta koya min kaɗi. Da na ga kanta yana rangaji sai na saki tasa ta faɗi. Ta ce yau wane aljani ne ya shige ki. Ta kai magariba ba ta runtsa ba, amma kanta ya yi ta ciwo wajen ɗinkin, har ta yi amai.

Ba zan ƙara ba.

Laraba

Sau biyu.

Alhamis, da hantsi

Ba kullum iri ɗaya ba ne. Wata rana ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wata rana ta yi salati kawai ta tashi ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Jiya ta mare ni, sannan ta rungume ni. Da yamma takan ɗan samu sauƙi, har ta ci abinci, har ta ce Allah ya sa can ta fi masa nan. Sai in ga kamar mun hau tudu. Da safe mu koma gindi.

Ita kullum ranar farko take. Ni ce ba ni da ranar farko. Ban yi kuka ba tun da aka dawo da ita, ba lokaci.

Na gaji.

Asabar, bayan azahar

Malam Inuwa liman ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure, Gwaggo ta fita da ni don in riƙe mata tabarma. Ya ji labari. Ya ce Hajo, wanda Allah ya ɗauke wa tunawa ba a rubuta masa laifi. Kwanakin takaba suna tafiya ko ta sani ko ba ta sani ba. A ɓoye kwalli da lalle, a lallashe ta ta zauna a gida, amma ba dole a riƙa yanka ta kowace safiya ba.

Gwaggo ta ce Allah gafarta Malam, wato ƙanena ya tafi matarsa tana dariya a gidansa. Ya ce dariyar da ba ta san tana yi ba, ba ta kai kukan da yarinyar nan take haɗiyewa ba. Na ji kunya kamar in nutse. Ban san ana gani ba.

Gwaggo ta ce ba ruwanta, mu yi abin da muka ga dama, ita dai bakinta ba zai yi ƙarya ba.

Lahadi, da safe

Na ce ya yi sammako ya tafi gona.

Ta ce ko koko bai sha ba, mutumin nan ba ya jin magana. Gashin kuma na ce likita ne ya hana kitso sai ɗinkin ya warke, don ta faɗi ne ta bugu. Ta yarda. Ta yarda don ni ce.

Ban ƙara ɗaya ba yau.

Litinin, bayan la'asar

Gona.

Ta yi dambu da zogale yadda yake so, ta ba ni in kai masa. Na kai wa masu gayya. Da na dawo ta ce ya ci? Na ce ya cinye. Ta ce ai na sani. Ta yi waƙa tana daka. Na manta Inna tana waƙa.

Da magariba na ce ya wuce Gaya wajen maganar taki, zai kwana can. Ta ce ba sallama? Ta yi fushi da shi ta kwanta.

Gwaggo ba ta ci damben ba. Ta ce ashe kurma ta iya zuba.

Laraba

Gona. Gaya.

Na ɗauka zan huta. Abinci ba ya wuce min. Gwaggo ta daina yi min magana, in tana son abu sai ta gaya wa bango.

Alhamis, bayan magariba



Na tafi rijiya. Kafin in dawo Kubura ta iso daga Gafasa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ba ta samu zuwa da wuri ba don ta haihu. Ba wanda ya gaya mata yadda Inna take. Ta shigo da kukanta tun daga zaure, tana ya haƙuri Hure, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Malam Datti. Inna kuwa ta tono kwallin da na ɓoye a cikin rufin ɗaki ta sa, tana jiran mai dawowa daga gona.

Na shigo da tulu a kai na same su. Kwallin ya zubo mata har haɓa. Gwaggo tana tsaye, ba ta yi murna ba, na ga fuskarta.

Inna ba ta yi min tsawa ba. Da ta yi da ya fi. Ta ce sauke tulun. Ta ce tun yaushe. Na ce tun farkon damina. Ta ce wa ya ci abincin da nake aika masa. Na faɗa.

"Kowa ya yi min ƙarya, Baiwa, ban da ke. In ke ma kin yi, wa zan tambaya?"

Ta ce kada in ƙara. Na ce to. Ta wanke fuskarta ta shiga ɗaki.

Gobe ba za ta san ta faɗi haka ba. Zan iya cewa gona, ta yarda. Ba wanda zai hana ni.

Juma'a, da safe

Na gaya mata.

Asabar

Na gaya mata. Sau biyu.

Lahadi, da hantsi

Gwaggo tana neman allura ta buɗe kwallar ƙasa ta ga kalkuleta. Ta yi ta juya shi, ta ce wannan rediyon ba ya magana sai cin batir, irin mai shi. Ta tura makunnin. Na karɓa na kunna. Sifiri.

Na yi ƙoƙarin tuna nawa ne, ban tabbata ba. Na zauna a bayan rumbu na yi kuka, na farko. A kan lamba. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina, ta ɗauka ta lalata abin Abdulsalam ne. Ta ce yi shiru mana, in ya zo ni zan ce ni ce. Sannan ta zauna kusa da ni, da ƙyar, saboda gwiwarta. Ta ce ita ta goya Baba. Ta ce har yanzu in ta ji tari a zaure sai ta juya.

Gobe ita za ta ɗebo ruwa, in ji ta, in ɗan kwanta.

Talata, bayan la'asar

Yau Inna ba ta yi barcin rana ba, ita da kanta. Tun safe ta sani, kukan ya lafa. Ta same ni a inuwar ɗaki ina danna kalkuleta, ta ce mene ne wannan. Na ce na Yaya ne. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce yaron nan da kwashe-kwashe.

Na nuna mata bakwai, na kashe, na kunna. Ban yi niyyar faɗin sauran ba, bakina ne ya tafi. Na gaya mata duk abin da Yaya ya ce, da wutar, da ɗakin sanyi, da katin da ake hudawa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba.

Ta daɗe tana kallon sifirin. Ta ce wato ni ce wannan. Ta ce sau nawa kika gaya min. Na ce na ƙirga, ya goge. Ta ce kullum ke? Na ce e. Ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage.

"To ni ina katina?" in ji ta. Har ta ɗan yi dariya.

Na ce zan rubuta mata a takarda. Ta ce ta iya karatun boko ne? Ko ta iya, takarda kowa yana iya rubutawa. Ta yi tunani. Sannan ta ce me aka dawo da shi na Malam.

Gwaggo ce ta ɗauko. Hularsa ce, a ciki an tattara 'ya'yan carbinsa, don zaren ya tsinke a wurin. Baba ba ya ba kowa carbin nan, ko Yaya ya taɓa sai ya sha faɗa. Da shi yake kwana. Inna ta juye su a faifai. Ba su cika ba. Ta ce a ba ta zaren da ta kaɗa da hannunta, ta murza shi riɓi uku a cinya, ta zauna tana shiryawa ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙe mata faifan. Da ta gama ta rataya a wuyanta, ta ƙulle bakin zaren ta gaba inda ido zai gani, gajere yadda ba zai fita ta kai ba. Ta ja ƙullin da haƙori.

Gwaggo ta ce mai takaba ba ta sa abin wuya. Inna ta ce wannan ba ado ba ne, Hajo. Gwaggo ta duba, ta ce ko a nan ma sai da kika yi shi a hagunce. Inna ta ce shi ne amfaninsa.

Ta ce min gobe kada in yi magana. In ta tambaye ni abu in amsa, iyakarsa ke nan.

Ina tsoro. In ta farka ta ɗauka wasa Baba ya yi mata fa?

Laraba, da hantsi

Na riga ta farkawa. Na kwanta na juya mata baya ina ji.

Ta yi salati ta tashi zaune. Ta ce Baiwa, tashi ki kai wa, sai ta tsaya. Na ji ƙarar 'ya'yan carbi. Na ji ta taɓa kanta. Ta tashi ta ɗaga asabari don haske ya shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe. Zakaran maƙwabta ya yi cara ya sake yi.

"Baiwa. Wa ya ɗaura min wannan?"

Na ce ke ce, Inna.

Ta kawo ƙullin kusa da idonta, ta juya shi. Ta dubi hannunta babu awarwaro. Ta dubi zanen da ke jikinta.

"Ƙullina ne," ta ce.

Ta yi kuka, ba a ce ba ta yi ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta yi shi a hankali, carbin a cikin tafinta. Na je na zauna a jikinta, ni ma na yi, ba wanda yake lallashin wani. Ta tambaya ko an yi masa wanka yadda ya kamata, wa ya sallace shi. Na amsa. Ba ta tambaye ni ina yake ba.

Da rana ta fito sosai, Inna ta share ido da bakin zane ta ce in hura wuta, Hajo ba ta iya jiran koko.

Alhamis, da safe

Haka yau ma. Ta daɗe a bakin ƙofa, ta ce ƙullina ne.

Na ɗauko kalkuleta daga kwalla. Tun ranar Talata yake a kunne, sifiri yana zaune a gilashin yana jira in ƙara masa. Na kashe shi na naɗe a tsumma, kada batirin Yaya ya ƙare a banza.

Inna tana kira, wai na sake ɗaure akuya da ɗaurin 'yan makaranta.